Kujerar Baba a Ɗakin Latif

Yaya Mutaru ba ya iya ganin ƙanenmu Latif da sabon abu ya yi barci mai daɗi. Tun muna yara haka yake. Abu ɗaya ne ya fi Latif da shi, kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu: Babanmu a ɗakin Yaya yake zama.

Kullum bayan la'asar Baba zai dogara sanda ya tsallaka tsakar gidanmu na Changli, ya zauna gaban tsohon rediyon Yaya don jin sanarwar rasuwa. Mutumin da ya tsufa a Tamale ba ya wasa da wannan shiri. In aka ambaci wanda ya sani, Yaya ne ke goya shi a babur zuwa gaisuwa, mutane su yi ta sa masa albarka, shi kuma yana kumbura.

Sai rediyon ya mutu, a makon da Latif ya shigo da risiba, wato amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai rediyo a ciki, da sifika biyu dogaye. Ranar Yaya ko tuwo bai gama ba. Da safe ya ja ni wani shago a unguwar Sakasaka wai in taya shi zaɓen tasa na'urar, alhali ya san ni da kayan wuta sai kallo.

Mai shagon ya ajiye mana biyu. Ɗaya irin na Latif ne sak. Ɗayan amfilifaya ne zalla, babu rediyo, amma ya ce sautinsa ya fi tsabta, kuma masu kunne shi suke ɗauka. Ya sa gangar Dagomba. Gaskiya, ta fito tas, har ina jin sanda na taɓa fata. Na tuna wa Yaya zancen Baba, ya harare ni.

"Zuleiha, ni in saya abu irin na yaro? Ka bar ni."

Ya sayi wanda babu rediyon. Da la'asar ya share kujera, ya zaunar da Baba, ya kunna. Baba ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce madalla. Can ya ce a murɗo masa tasha, lokaci ya yi. Yaya ya shiga bayanin tsabtar sauti. Baba bai katse shi ba, sai da ya gama sannan ya laluba sandarsa ya nufi ɗakin Latif.

Na so in yi dariya, tausayi ya hana ni. Washegari Yaya ya sayo ƙaramin rediyo ya ɗora kan amfilifayan, ya bar ƙofa a buɗe. Baba ya leƙa, ya yi masa sannu, ya ce na can ya fi shiga kunnensa, ya wuce.

Ran Alhamis aka sanar da rasuwar wani aminin Baba a Gurugu. Yaya ya ji a ƙaramin rediyonsa, ya zura riga, ya fito da makulli a hannu. Ya tarar har Latif ya tada babur, Baba na baya ya riƙe masa kafaɗa.

"Koma ka ji kiɗa nka," in ji Baba, babu ko faɗa a muryarsa. "Ƙane nka zai kai ni."