Salansar Motar Ƙwai

A layin makanikai kowa yana da abin faɗa game da Tartsatsi mai walda. Mai faci yakan ce abin da ya liƙa ko aljani bai isa ya ɓamɓare ba. Matar Tartsatsin kuwa cewa take ba ya ƙaunar ganin abu yana motsi, har kujerar lilon da ta zo da ita sai da ya liƙe mata ƙafafu. Yayarsa, wadda ta goya shi, ba ta tofa komai. Ita har yau Auta take kiransa.

Tun rasuwar mijinta Yaya take kai ƙwai gidan burodi a tsohuwar a-kori-kura, da shi take riƙe gida. Kwanan baya salansar motar ta fara bugun ƙasa, don robobin da ke rataye da ita sun ruɓe. Auta ya leƙa, ya ce roba aikin malalata ne. Ya jefar da su, ya ɗauko rodi ya liƙe salansar da jikin mota. Bugu ya tsaya. Sai dai tun ranar sitiyari ke kashe mata hannu, ƙwai kuma ya riƙa isa a tsattsage. Yau mai burodi ya ce in gobe ma haka ne, zai nemi wani.

Yaya ta tsaya a bakin shagon Auta, ba ta kashe injin ba.

"Auta, ajiye wutar nan ka zo."

Ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Yaya, kin ji ko ƙis? Shiru kamar an yi mutuwa."

"An yi kuwa. Ƙwaina ne suka mutu."

"To, tuƙinki ne. Ke da rami kamar kun yi alkawari."

"Tun kana zubar da majina nake bin hanyar nan, ƙwai bai taɓa tsagewa ba. Hau baya."

"In hau ina? Ina da aiki."

"Hau, ko in ɗora ka da kaina a gaban abokanka. Na saba."

Mai faci ya saki guduma ya gyara zama. Auta ya hau yana ƙunƙuni. Ta dangwara masa kiret ɗin ƙwai a cinya, ta koma ta taka totur, motar tana tsaye wuri ɗaya.

Ta madubi take kallonsa. Kumatunsa suka kama rawa. Ƙwai suka shiga tsalle a gurabensu suna dukan juna. Ɗaya ya tsage, ruwansa ya gangara kan wandonsa. Ba ta ɗaga ƙafa ba sai da ta ga ya daina ɗaure fuska ya sa tafinsa a ƙarfen motar, yana sauraro da hannu.

Ta fito. "Akwai rami a nan?"

Can ya ce, kamar da kansa yake, "Injin ne ke jijjiga. A da robar ce ke shanye ta. Yanzu rodin na kai ta ko'ina."

"Sai yanzu ka sani, malamin ƙarfe? Na ce maka robar kawai za a canja, ka ce me mace ta sani."

"Sauko a soya maka, Tartsatsi," in ji mai faci, "ka riga ka kaɗa."

Auta bai kula shi ba. Ya shiga ƙarƙashin motar ya yanke rodin, ya tafi da kansa ya kawo sababbin robobi ya rataye salansar. Ya tayar da injin. Ƙwai suka zauna lafiya lau.

"Shi ke nan, ta gyaru," ya ce, yana miƙa mata makulli ba tare da ya dube ta ba.

Ba ta karɓa ba. "Motar ta gyaru. Mai burodi kuwa har yanzu gani yake ruɓaɓɓen kaya nake kai masa."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Gobe tare za mu je, in gaya masa da bakina aikina ne ya fasa ƙwan," ya ce. Sannan ya ɗago, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yaya, ni na ɓata miki. Ki yafe mini."