Jirgin Cikin Ɗaki

Abdul Aziz na durƙushe ƙarƙashin tebur yana cusa wayar lasifika lokacin da ya ji gyaran muryar mahaifinsa a zaure. Ya miƙe da sauri, kansa ya bugi katako, bai ko shafa wurin ba.

"Ya iso," in ji yayarsa Zahara'u daga bakin ƙofa, jaririyarta a kafaɗa. "Ko hannu bai wanke ba. Ka san ba daɗewa zai yi ba."

Jibi za a rufe karɓar takardun masu neman shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Nasa dosiyen, wato takardun neman, yana kwance cikin ambulan, sai jiya komai ya cika. In bai hau motar Yamai gobe da safe ba, sai baɗi. Shekarunsa ashirin da huɗu, babu takardar da ta nemi sa hannun uba, amma ya san ba zai taka tasha ba sai Malam Aliyu ya ce to. Shi kuwa Malam Aliyu, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran injunan ban-ruwa na masu lambu a bakin tafkin Madarumfa, magana ɗaya ya yi tun ranar da aka tada zancen: ba zai ba da ɗansa ga injin da bai taɓa jin muryarsa ba.

Shi ya sa yau Abdul Aziz ya kawo masa muryar har gida.

Kayan duk daga Maroko ya dawo da su bayan karatu: ordinater, wato kwamfuta, sandar tuƙi, da abin takawa na ƙafa. Manhajar koyon tuƙin jirgi da ke ciki tana zuwa da jiragenta, amma waɗannan na wasa ne, ko ka yi musu yaya za su tashi. Nasa daban ya sauke ya ƙara a ciki: ƙaramin jirgin koyo mai kujera biyu da farfela ɗaya, irin na makarantar sak. Waɗanda suka ƙera shi ba su da sauƙin kai. Jirgin ba ya mantuwa. In ka bar fitila a kunne, gobe ka tarar batir ya mutu. In ka wahalar da injin, zai riƙe ka a zuciya har sati.

Malam Aliyu ya shigo, ya dubi kujerar da aka tanadar masa, ya zauna kan bokitin da ke kife. Hajiya, matarsa, ta biyo shi da tabarmarta. Mansur, abokin aikinsa tun suna samari, shi ma ya leƙo, wai ya zo karɓar sifana.

"Ina jirgin?" in ji Malam Aliyu.

"Ga shi, Baba. Wannan filin jirgin Maraɗi ne. Zan tashi, in zagayo ta kan tafki, in koma in sauka."

"Za a ga gidanmu?" Hajiya ta tambaya.

"Za a ga inda ya kamata ya kasance."

"To ka bi a hankali ta wurin, na yi shanya."

Mansur ya yi dariya. Malam Aliyu bai yi ba, ya dubi agogo.

Akwai takarda manne a bango, jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi, layi ashirin da bakwai. Abdul Aziz ya haddace su da Faransanci da Ingilishi. Ya bi na farko-farkon, ya murɗa makulli, farfela ta juya, lasifikar da ya aro ta cika ɗakin da ruri har labule ya motsa. Jaririyar, wadda tun azahar take ƙananan kuka, ta yi shiru. Zahara'u ta ja da baya kaɗan.

Layi na goma sha tara shi ne gwajin inji: a tsaya, a taka birki, a ba shi wuta, a saurara. Minti biyu yake ci. Abdul Aziz ya saci kallon mahaifinsa, ya ga ya sake duban agogo. Ya tsallake layin. Sau ɗari ya yi gwajin nan, bai taɓa samun komai ba.

Ya hau titin tashi, ya daidaita hancin jirgin, ya tura wuta har ƙarshe. Fararen layuka suka fara gudu a allon.

"Injin nan ba shi da lahiya," in ji Malam Aliyu.

"Baba, ordinater ce."

"Ko mi ce ce. Tukunya guda cikin injin tana fashi. Mansur, ka ji?"

Mansur ya karkata kai kamar kaza. "Kamar na Alhaji na bakin gada kahin mu buɗe shi."

"Shi fa."

Abdul Aziz bai ji komai ba sai ruri. Amma ya kai ido kan allurar juyin inji, ya ga ta tsaya ƙasa da inda ta saba, tana ɗan rawa. Kaɗan ne. Jirgin zai iya tashi a haka, wataƙila. Rabin titi ya wuce. Hajiya ta riga ta ɗaga hannu tana bismillah, kuma mutumin da aka yi wata uku ana lallashi yana zaune kan bokiti yana jiran ya ga tashi.

Ya janye wutar, ya taka birki da ƙafa biyu. Jirgin ya yi ta gangarawa, ya tsaya dab da ƙarshen kwalta, hancinsa na kallon ciyawa.

Injin ya ci gaba da bugu a hankali.

"Har mun iso?" in ji Hajiya.

"Ba mu tashi ba, Hajiya."

"Ikon Allah. Ni ko jiri na fara ji."

Abdul Aziz ya koma kan allon. Ya yi gwajin da ya tsallake: ya murɗa makulli dama, injin ya yi daidai, ya murɗa hagu, sai ya kama tari kamar tsohon da ya shaƙi barkono. Ya buɗe shafin da ke nuna cikin injin. Ga buji guda, filogin da ke ba injin wuta, baƙi ƙirin.

Malam Aliyu ya tashi daga bokitin, ya matso har hularsa ta kusa taɓa allon.

"Wa ya zana wanga datti?"

"Ba zane ba ne, Baba. Shi ke taruwa da kansa in an bar injin yana aiki a hankali, an cika masa mai, an daɗe."

"Kamar na gaske."

"Kamar na gaske. Amma ni ban taɓa barinsa haka ba." Ya duba agogon injin, ya ƙara dubawa. "Awa goma sha ɗaya! Ranar Lahadi na bar shi, kuma tun ranar ban..."

Ya juya. Zahara'u tana kallon rufin ɗaki da natsuwa, kamar yau ta fara ganin kwano.

"Yaya."

"Mi?"

"Yaya Zahara'u!"

"To sai mi? Kai kana can Maraɗi kana yawon hoto da tambari. Ɗiyar nan tun da munka zo wankan jego ba ta barci da rana. Na yi goyo, na yi jijjiga, Hajiya ta yi tofi. Ranar nan kana wasanka ta yi barci har la'asar. Na ga inda kake dannawa. Jan nan, jan can, makulli." Ta gyara jaririyar, wadda ta yi nisa, baki buɗe. "Ban tahi da shi ko'ina ba. Yana nan inda ka aje shi."

Mansur ya riƙe ciki, ya jingina da bango. "Jikar mai inji! Wallahi jini ba ya ɓata."

"Da saninki, Hajiya?" in ji Abdul Aziz.

"Ni na ce ta rage ƙara saboda maƙwabta."

Malam Aliyu bai kula su ba. Ya nuna allon da yatsa mai baƙin mai. "Ina inda ake rage mashi abinci?"

"Wannan jan madannin."

"Ba shi wuta. Ƙara. To ja shi baya, sannu. Sannu na ce, ba rijiya kake ja ba. Tsaya nan. Bar shi shi ƙone dattinshi."

Haka littafin jirgin ya ce a shafi na sittin da wani abu, Abdul Aziz ya karanta. Bai faɗa ba. Suka tsaya su biyu, ɗaya na kallon allura, ɗaya ya rufe ido. Bayan kamar minti guda Malam Aliyu ya buɗe ido.

"Ya washe."

Abdul Aziz ya murɗa makulli hagu. Allura ba ta yi rawa ba.

"Yanzu sai in koma farkon titi, Baba. Minti biyar kawai."

Amma tsohon ya riga ya juya, yana laluben takalminsa da ƙafa a bakin ƙofa. "Injin mutane na bari a buɗe. Mansur, mu tahi."

"Baba, ba ka ga tashin ba."

"Na ga tsayawar." Ya sa takalmi ɗaya, ya sa ɗayan. "Motar Yamai ƙarhe nawa take tashi?"

Abdul Aziz ya juyo daga allon. Zahara'u ce ta amsa. "Bakwai, Baba."

"To a tashe shi da wuri, ya cika nawa."

Abdul Aziz ya kai hannu kan makulli ya kashe injin. Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya. Jaririyar ta motsa, ta yamutsa fuska, ta ja numfashi mai tsawo, ta saki kuka.

Malam Aliyu ya dawo da kansa cikin ɗakin.

"Kai za ka tahi. Wanga yana nan." Ya dubi Zahara'u. "Tada shi. Ki riƙa jan jan nan baya kaɗan. Ranar Juma'a zan zo in duba buji."