Inda Linzami Ya Tsaya

Zakariya'u, sakataren ƙungiyar manoman Jiratawa, ga furfura ga son gwaninta. Ya gyara kwamfutar ofis yadda duk tagar allo da kibiyar linzaminta ta tsaya a kai, nan rubutu ke shiga, ba sai an danna ba.

Ran Laraba, da ya gama tsara rabon ruwa, ya koma ɗaya tagar yana rubuta wa matarsa saƙo da yatsa biyu, idonsa kan maɓallai. Bai ga kofin shayi ya ture linzamin ya koma tagar rabon ruwa ba. Ya buga takardar rabon, ya miƙa wa shugaba, Alhaji Bawa.

Sai da tsohon ya sa tabarau Zakariya'u ya hango layin ƙarshe: "Kwana tara gonar Kyauta ba ruwa, kowa na tsoron gaya wa tsohon nan mai kunnen ƙashi."

Ya tuna shekararsa goma sha ɗaya a kujerar nan, ga 'ya'ya shida.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Alhaji. Da ni da linzami."

Alhaji Bawa ya mayar masa da takardar.

"Sa Kyauta gobe da safe. Kunnen ƙashin kuma goge shi, kafin in sake karantawa."