Sakata a Ƙofar Baba

A ɗakin guga na otal ɗin da take aiki Auta ta fara jin maganar. Abokiyar aikinta ce ta matso ta raɗa mata cewa wai matar yayanta tana kulle Baba a ɗaki. Kafin a tashi aiki, a bakin mai gadi, kullen ya zama ɗauri da igiya, har da horon yunwa.

Auta ta yi tsaki. Tana ƙarama Baba ya saya mata wani littafi mai hotuna da take so kamar ranta. A shafin farko wani ya hango jelar ƙadangare a ƙarƙashin ƙofa, ya gaya wa maƙwabciyarsa. Duk shafin da aka buɗe sai bakuna su ƙaru, jela ta ƙara tsawo, har gari ya watse wai wani ƙaton kada ne ya shigo. Baba kan ɗora ta a cinya yana kwaikwayon muryoyin, tana dariya har da shaƙuwa. Tun daga nan ba ta sayen jita-jita da araha.

Amma a cikin mota abin ya tsaya mata a rai. Ko a littafin ma ai akwai ƙadangaren. Me ya sa duk ta kira waya sai a ce Baba na barci? Me ya sa Yaya ya ce ta riƙa sanarwa kafin ta zo?

Ta sauka a gidan ba sanarwa. Matar Yaya na wanki, ta miƙe da fara'ar da Auta ta ga kamar ta yi yawa. A ƙofar Baba kuwa ga sabuwar sakata, daga waje.

"Wannan fa?" in ji Auta.

Matar ta goge kumfa a zane, ta ce ta buɗe ta gani.

Baba na zaune bakin gado tsaf da shi, takalmi a ƙafa ɗaya. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, tana duba wuyan hannunsa a fakaice. Babu tabon igiya. Ta leƙa kwanon da ke gefe, ya ci ya rage.

Ya yi mata murmushi. "Baiwar Allah, 'yar wa ce ke? Raka ni makaranta, an tashi 'yata."

Sai a lokacin matar Yaya ta fashe da kuka. Ta ce mantuwa ta kama shi tun bara. Kwanan baya a tsakiyar titi aka tsinto shi, motoci na kauce masa. Ita kaɗai ce a gida, idanu biyu kacal gare ta. Yaya ne ya hana a faɗa, wai Auta ba za ta iya ɗauka ba.

Kunya ta rufe Auta, ta kasa ɗaga kai. Ta kira Yaya, ta gaya masa abin da ƙanwa ba ta saba gaya wa wanta ba. Washegari ta roƙi a mayar da ita aikin safe. Da la'asar ta zo ta sa wa Baba takalmi, ta kama hannunsa suka fita, matar Yaya kuma ta samu ta kwanta.