Izinin Mijin Rosnah

Ranar da alƙaluman 'yan sanda suka iso, farfesan da ke duba aikin Sakinatu har tafi ya yi ta cikin kwamfuta. Shekararta uku a Kuala Lumpur tana digiri na uku, tana bin diddigin yadda duka da sara da fashi ke hawa da sauka a wani ɗan garin masunta da ke gaɓar tekun gabas. To ga shi tun da aka kulle ƙasa saboda korona, laifukan sun ragu da fiye da rabi. Farfesa ya ce aiki ya zo da sauƙi, ta rubuta a babin ƙarshe cewa gari ya samu lafiya, ta miƙo kafin wata ya mutu.

Sakinatu ta rufe kwamfutar ranta yana tafasa. Mutumin da ko ƙarnin kifin garin bai taɓa shaƙa ba, wai shi ne zai ce ya samu lafiya. Ita wata huɗu ta yi a can, a ɗakin haya da ke manne da na Rosnah mai sayar da busasshen kifi, kuma bangon katako ba ya rufa wa kowa asiri. Ta san abin da ke faruwa duk ranar da Pak Din, mijin Rosnah, ya dawo daga teku hannu rabbana. Yanzu kuwa kifi ba ya kai kasuwa, maza suna gida wuni zubur, doka kuma maigida kaɗai ta yarda ya fita cefane. Mai dukan shi ne da ikon leƙa titi. Wadda ake duka ta ina za ta bi ta kai ƙara, balle ta shiga lissafin wani?

Abin da ya fi hana ta sukuni shi ne shirun Rosnah. Matar ta saba kiranta duk Juma'a da rana, su yi hira da guntun Malayancin Sakinatu, su yi dariya. Yanzu Juma'a uku sun wuce babu kira, wayar kuma kullum a kashe. Sakinatu ta dinga safa da marwa a falonsu da ke unguwar Taman Melati, tana cewa in ba don shingayen sojoji ba da tuni ta hau mota.

Mijinta Abdulgani, wanda shi ma karatu ya kawo shi, mutum ne mai son a bi komai ta ƙofarsa. Ya tambaye ta ko tana da lambar mijin. Ta ce tana da ita, tun lokacin da ta yi hira da masunta. Ya ce to ina wahalar? A gida ma ba a shiga wurin matar aure sai an yi sallama da maigida. Ta kira shi, ta gaishe shi da girmamawa, ta nemi izinin magana da iyalinsa. Babu namijin da za a ba girmansa ya ƙi.

Maganar ta zauna mata, don ita ma da wannan tarbiyyar ta tashi. Ta kira bayan la'asar. Ta gaishe da Pak Din gaisuwa mai tsawo, ta tambayi teku, ta tambayi yara, ta yi masa jajen halin da ake ciki. Shi ma ya amsa da fara'a kamar limamin unguwa. Sannan ta kawo abin da ke tafe da ita.

"Pak, izini nake nema na gaisa da Yaya Rosnah. Ta saba kirana duk Juma'a, sai na ji ta shiru."

"Duk Juma'a?" in ji shi a hankali. "Da wace lamba? Karanto mini, na duba ko ita ce ta lalace."

Ta karanto masa, lamba bayan lamba, har da maimaitawa don kada ya yi kuskure. Ya ce, "Boleh, boleh," wato ba damuwa, zai isar da saƙo, ya yi mata godiya. Abdulgani ya kalle ta da murmushin wanda shawararsa ta yi aiki. Ita ma, Allah ya sani, ta ji sanyi a ranta a lokacin.

Kwana uku bayan nan, tana tsaye tana yanka albasa, wata baƙuwar lamba ta shigo. Salmah ce, ƙanwar Rosnah, muryarta a bushe, ko sallama ba ta yi ba. Ta ce Rosnah tana asibitin gunduma da karyayyen muƙamuƙi da haƙarƙari biyu. Pak Din bai taɓa sanin tana da waya ba. Ita Salmah ce ta saya mata shekara biyu da suka wuce, Rosnah tana ɓoye ta a ƙasan buhun shinkafa, ba ta fito da ita sai ya tafi masallacin Juma'a. Masallatai sun rufe, to yaushe za ta kira? Bayan kiran Sakinatu, Pak Din ya zazzage gidan kaf har ya gano wayar.

Sakinatu ta zauna a ƙasan kicin. Haushi ya turnuƙe ta: na Pak Din da muryarsa ta mutunci, na farfesa da tafinsa, na Abdulgani da ke tsaye a bakin ƙofa yana tambayar lafiya. Amma duk bai kai wanda take ji da kanta ba. Shekara uku tana karantar irin waɗannan maza, ta cika littattafai da halayensu, sannan ta ɗauki waya da ladabinta ta miƙa masa matar. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar kanta me ya sa sai Juma'a ba.

Ta gyara riƙon wayar. Ta ce a kai maganar wurin 'yan sanda, ita za ta ba da shaida, tana da rubutun duk abin da ta ji ta bango, da ranakunsa. Salmah ta ce a takardar asibiti an riga an rubuta cewa daga matakala ta faɗo, kuma Pak Din ne zai zo ɗaukarta gobe, tunda shi kaɗai ake bari ya wuce shinge.

"Ba ta iya magana," in ji Salmah, "amma ta rubuta a takarda na karanta miki. Ta ce ta san ba da gangan kika yi ba. Ta ce don Allah kada ki sake taimakonta."