Shaidar Haji Gulzar a Jirgin Juma'a

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya hore wa bayinsa ƙarfe da wuta har suka zama abin hawa, ya kuma bar rauni a jikin ɗan Adam domin ya san ba ya wadatuwa da kansa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Allah ya tsayar da harshenmu a kan gaskiya.

Haji Gulzar Mirza ya shigo ƙauyen Cragholme, a kwarin arewacin Ingila, yana saurayi, lokacin da masaƙun ulu ke cin kasuwarsu, ya kuma tsufa a nan bayan an rufe su duka. Ciwon sukari ya raba shi da ƙafar hagu, ya koma kan keken guragu mai batir wanda ƙarti biyu ba sa iya ɗagawa. Babu masallaci a ƙauyen. Juma'a sai Aldersyke, kuma a maƙabartar bayan wannan masallaci matarsa Zubaida take kwance. Saboda haka kowace Juma'a da hantsi yakan yi wanka, ya shafa turare, ya gangara tashar jirgin ƙasa tare da amininsa Clifford Ackroyd, wanda suka yi aikin rini tare, shi kuma soyayyen kifi da dankali ke kai shi gari.

Tashar ba ta da ma'aikaci ko ɗaya, benci ne kawai da rumfar gilashi. Tsakanin dandamali da ƙofar tarago akwai rata da tudu, kuma abin da ke haɗa su faifan ƙarfe ne da ke kulle a akwati cikin jirgin. Makullin yana ƙugun kwandasta, Maureen Sutcliffe.

"Ga angon Juma'a!" in ji ta, da zarar ƙofa ta buɗe. "Wannan turare naka, Haji, direba ma ya ji shi tun daga gada."

"Ke dai shimfiɗa mini hanyata, 'yata, kada liman ya riga ni."

Haka aka yi shekaru, har kamfanin da gwamnati ta ba kwangilar layin ya nemi izinin ma'aikatar sufuri ya gwada tafiyar da jirage da direba shi kaɗai. Mai bukatar taimako sai ya buga waya tun jajibiri, wani ma'aikaci mai zagaya tashoshi da mota ya tare shi da makulli. Ma'aikatar ta yarda da gwaji na tsawon bazara, da sharaɗin cewa in ya yi kyau za a tabbatar da shi cikin sabuwar kwangila. Aka mayar da Maureen wani layi.

Haji bai taɓa saɓa ƙa'idar buga waya ba. Amma motar ɗaya ce, tashoshi da yawa, kuma hanyar Aldersyke takan cushe da tsakar rana. Ba sau ɗaya ba jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe, ya hangi koriyar ƙubbar masallaci, ƙofa ta rufe, aka wuce da shi har ƙarshen layi a bakin teku. A can sai a ba shi shayi, a ba shi haƙuri, a kira masa tasi. Shi kuma ya ce su ne za su yi haƙuri da ya ɗora musu wahala, ya gode wa mai shayi, ya gode wa mai tasi, ya sallaci azahar raka'a huɗu maimakon Juma'a, ya koma gida bai gai da Zubaida ba.

Wata ranar Talata Maureen ta zo gidansa da kek a gwangwani. Ta tarar da Clifford ya riga ta kujerar bakin taga. Ba ta jira shayi ya sha iska ba.

"Haji, ka san da sunanka suke yawo? An tara mu, manaja ya ce fasinjan da ya fi kowa hawa da keke a layin nan bai taɓa kai ƙara ba, kullum godiya yake yi. Kai ne hujjarsu. Juma'ar nan sufeto za ta zo daga ma'aikata, in ta gamsu shi ke nan, an rufe zance."

"Ni ban yi ƙarya ba," in ji Haji. "Sun ba ni shayi."

Clifford ya ajiye kofinsa. "Ji shi! Ka fi mu zama ɗan Ingila, Gulzar. Mu a taka mana ƙafa mu ce a yi haƙuri, kai jirgi zai bi ta kanka ka tambayi direba ko bai ji ciwo ba."

"Kai da ka ci ɗanyen kifi shekaranjiya, aka tambaye ka, ka ce ya yi daɗi ƙwarai?"

"Wannan daban. Yarinyar da ta soya shi tana kallona."

Maureen ba ta yi dariya ba. "Misis Dewhirst, makauniyar ƙauyen nan, ta daina fita gaba ɗaya. Makauniya ba ta ganin rata, kuma babu mai ce mata ga ƙofa. Ita ba ta kai ƙara ba, zama ta yi a gida. Ba a lissafa wanda ya zauna a gida, Haji."

Haji ya yanka mata kek ɗin da ita ta kawo.

Ranar Juma'a suka tarar da abin mamaki a tasha: ma'aikaci sanye da sabuwar riga mai ƙyalli, ya riga jirgi zuwa, har yana goge hannun benci. A kowace tasha ta gaba ma akwai irinsa, an kwaso su daga wasu layuka. Sufeton, Madam Rosalind Kettlewell, mace ce mai furfura da takalmin tafiyar ƙasa, tana zaune kusa da gurbin keken guragu, wani mutumin kamfani mai taye a wuya a gefenta. A mahaɗar Stainroyd aka shirya za ta sauka ta kama jirgin Landan. Aldersyke kuwa ita ce tashar da ke bayan mahaɗar.

Mutumin kamfani ya gabatar da Haji kamar mai nuna ɗansa da ya ci jarrabawa. Sufeto ta sunkuyo.

"Mista Mirza, yaya kake ganin sabon tsarin?"

"Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe, ba laifi. Suna ƙoƙari."

Maganar ta fita kafin ya auna ta, domin harshe ya saba da ita tun yana yaro a gaban iyayensa, ƙasar nan kuma ta ƙara masa. Clifford ya rufe fuska da hularsa. Mutumin kamfani ya gyara zama. Sufeto ta gode, ta ɗauko kwat ɗinta ta ɗora a cinya.

Jirgi ya ci gaba da bin kogi, Haji yana kallon tumaki a kan tudu, zuciyarsa ba ta tare da su. Ya tuna abin da malaminsa na ƙuruciya ya karantar da su, cewa amsar gaisuwa daban, amsar mai hukunci daban. Wanda aka gaisar ya gode wa Allah, ya yi daidai. Wanda aka nemi shaidarsa ya amsa da gaisuwa, ya ɓoye abin da aka ba shi amana. Matar nan ba ta taso daga Landan domin ta gaishe shi ba. Juma'o'in da suka kuɓuce masa nasa ne, yana iya yafewa. Amma ƙofar Misis Dewhirst ba tasa ba ce balle ya yafe ta.

Jirgi ya fara rage gudu. Sufeto ta miƙe.

"Madam, yi haƙuri," in ji Haji.

"To, ya fara," in ji Clifford daga cikin hula.

"Yi haƙuri, ina da roƙo. Kada ki sauka a nan. Ki raka ni tasha ɗaya."

Mutumin kamfani ya duba agogo. "Ranki ya daɗe, jirgin Landan ba zai jira ba, kuma ziyarar a nan ta ƙare."

Ta dubi Haji. "Akwai abin da zan gani a can wanda ban gani a nan ba?"

"Wataƙila babu. Na buga waya jiya kamar yadda aka umarta. In an tare ni, na ɓata miki lokaci, zan nemi gafararki a gaban kowa. In ba a tare ni ba, idonki ya fi bakina, domin bakin nan nawa ya riga ya saba."

Ta leƙa ta taga. A dandamalin mahaɗa ma'aikata biyu ne masu riga mai ƙyalli, suna tsaye babu wanda yake bukatarsu. Ta koma ta zauna. Mutumin kamfani ya ciro waya da sauri, amma daga mahaɗa layin dogo ramin dutse yake shiga, waya ba ta aiki a ciki.

Da suka fito haske sai ga Aldersyke. Ƙofa ta buɗe. Ga koriyar ƙubba, ga mutane da fararen huluna suna sauri a kan titi, ga dandamali babu kowa sai tattabara. Haji ya matso da kekensa har bakin rata ya tsaya. Sufeto ta ja murfin akwatin faifan, ta ji shi gam.

"Makulli," ta ce wa mutumin kamfani.

"Ni a ofis nake, ranki ya daɗe."

Ta tsaya a tsakiyar ƙofa, ƙafa ɗaya a jirgi, ɗaya a dandamali. Ƙofar ta yi ta ƙara. Muryar direba ta fito daga lasifika cikin ladabi, yana roƙon fasinjan da ke bakin ƙofa ya matsa, domin doka ba ta ba shi damar barin kujerarsa ba, kuma akwai jirgi a bayansa. Ta daɗe tana duban ratar, wadda ba ta fi tsawon takalminta ba, sannan ta dawo ciki. Ƙofa ta rufe, ƙubba ta wuce.

Clifford ya laluba aljihu ya miƙa mata alewar minti.

"Karɓi, Madam. Shayin bakin teku ba laifi, Gulzar ya gaya mini."

Ta zauna daura da Haji, ta sake yi masa tambayar farko. A wannan karo ya amsa. Ya faɗi ranakun da aka tare shi da waɗanda ba a tare shi ba, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ambaci kirkin mai shayi, ya ce mai motar ba malalaci ba ne, mutum ɗaya ne aka ba aikin mutane da yawa. Ya ba ta sunan titin Misis Dewhirst, ya ce ta je da kanta, amma in ta ce mata ba laifi, kada ta tashi, ta sake tambaya.

A bakin teku ya sallaci azahar a kan kekensa, hankalinsa a kwance, ita kuma tana jiran jirgin yamma.

Kafin sanyi ya shigo, ma'aikata ta sa sharaɗi cikin kwangilar cewa jirgi ba zai tashi a wannan layi ba sai da mutum na biyu mai riƙe da makulli. Juma'ar farko da Maureen ta dawo, ta tarar da mutum uku a dandamali, Misis Dewhirst riƙe da hannun Clifford.

"Yaya muke yau, Haji?"

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Amma kin makara kaɗan."

"Ku ji mini! Mun ɓata shi," in ji Clifford.

Haji Gulzar bai sake rasa Juma'a saboda ƙofa ba har Allah ya karɓi abinsa. An kwantar da shi kusa da Zubaida. Ranar, Maureen ta ɗauki hutu, ta yafa gyale, ta tsaya a bakin maƙabarta tare da Clifford har aka watse.

Allah ya jiƙan Haji Gulzar da Zubaida, ya yalwata musu makwanci, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Wanda ya karanta wannan, Allah ya ba shi harshe mai godiya ga Ubangijinsa, mai gaskiya idan an nemi shaidarsa, ya kuma haɗa shi da mai shimfiɗa masa hanya ranar da ƙafa ta gaza. Amin.