Sandar da Ta Jefa Ƙuri'ar Dewitt Crumley

A garinmu Corley, abu biyu ake yabon Honorabul Dewitt Crumley da su. Na farko, tun da muka tura shi majalisar jiha ba a taɓa jefa ƙuri'a an rasa tasa ba. Na biyu, ba a taɓa binne mutum a gundumar nan ba a ga kafaɗarsa a jikin akwatin gawa ba. Duka biyun suna rubuce a allunan kamfe ɗinsa, kuma duka biyun gaskiya ne. Mu kuwa, da yake kanmu a tukunya yake, shekara da shekaru muna tafa masa, babu wanda ya taɓa tambayar yadda mutum ɗaya yake kasancewa a maƙabarta da majalisa a safiya guda.

Earline Tackett ce kan gaba a masu tafin. Ita ta koyar da shi a makarantar Lahadi tun yana yaro mai majina, kuma kowane zaɓe ita ke soya tarwaɗa da burodin masara na taronsa, ko sisi ba ta karɓa. Mijinta Orval, tsohon ma'aikacin injin yanka katako, ƙodarsa ta gaza, sau uku a mako take kai shi wankin ƙoda a asibitin gunduma, nan bayan gidan mai. Kwatsam aka ce kuɗin sashen ya ƙare, za a rufe shi, sai fa in majalisa ta amince da wani ƙudiri na tallafa wa ƙananan asibitoci. In aka rufe, sai birnin da ke bayan dutse, tafiyar awa biyu a hanya mai kwana-kwana, da mutumin da ko zuwa coci aka yi da shi sai ya yi amai a mota.

Ta tare Dewitt a ƙofar coci. Ya kama hannunta da hannu biyu, yadda ya saba.

"Haba Mama Earline, ni da Baba Orval? Ki kwantar da hankalinki. Ko a gadon asibiti nake sai na danna kore."

"To Allah ya yi maka albarka. Ranar Talata ce ko? Mu matan coci za mu ɗauki bas mu zo mu gani da idonmu."

Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Madalla." Ba ta lura da jim ɗin ba sai daga baya.

Ranar Talata suka hau benen 'yan kallo, Earline da hularta ta zuwa coci. Wannan ne zuwanta na farko. A ƙasa kowane ɗan majalisa da teburinsa da maɓalli biyu, kore na amincewa da ja na ƙi, ga kuma ƙaton allo a bango mai ɗauke da sunayensu. Ta nemi teburin Dewitt ta same shi, kwat ɗinsa na rataye a kujera, shi kuwa babu shi. Ta ce a ranta ya zaga ne. Kusan rabin kujerun ma haka suke, fayau.

Kakakin majalisa ya kira ƙudirin, aka kaɗa ƙararrawa. Nan Earline ta ga abin da ya ɗaure mata kai. Manyan mutane masu furfura suka zabura kamar kaji an watsa tsaba, kowa ya danna nasa, ya juya ya danna na hagu, ya miƙa ya danna na baya. Wani mai sanƙo da tumbi, an rubuta Speck a teburinsa, bai ma wahalar da kansa da tashi ba. Ya jawo wata sanda daga ƙarƙashin tebur, gogaggiya, har da roba a bakinta, ya kalli shugaban jam'iyyarsu da ke gaba, ya ga shugaban ya kifar da babban yatsa ƙasa, sannan ya miƙa sandar ya caki teburin Dewitt yana hamma.

A allo, sunan Crumley ya kama da ja. Da aka haɗa lissafi, ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a ɗaya tak.

"Kai! Kai mai sanda!" Earline ta miƙe tana nuna shi. "Uban wa ya zaɓe ka a Corley?"

Mai gadi ya zo ya kama gwiwar hannunta cikin ladabi ya fitar da ita. Tana tsaye a baranda, wayarta ta yi ƙara. Orval ne, muryarsa cike da murna, rabon da ta ji shi haka har ta manta.

"Tsohuwa, tsaya ki ji wanda ke gidanki. Dewitt ne da kansa! Tun safe ya zo da katako da samarinsa, yana gina mini gangara a bakin ƙofa don keken guragun nan nawa. Kin huta da cicciɓata a matakala. Yaya, an ci?"

Sai yanzu jim ɗin nan na ƙofar coci ya dawo mata. Ya san tana nan, shi ya sa ya tafi can.

Da la'asar ta isa gida. Gangarar ta kusa ƙarewa, sabon katako sai ƙamshi yake. Dewitt ya naɗe hannun riga, garin katako har gashin kai, yana shan shayi mai ƙanƙara a kofinta na baƙi, wata ma'aikaciyar ofishinsa na ɗaukar hoto. Orval na zaune a kekensa, baki har kunne.

"Mama Earline, sannu da hanya! Zo ki taka ki ji ƙarfinta."

"Da wane hannu ka yi zaɓe yau, Dewitt?"

Samarin suka ajiye guduma. Mai hoto ta sauke wayarta.

"Mama, bari in yi miki bayani."

"Na ga bayanin. Tsawonsa ya kai kamu uku, da roba a bakinsa."

Ya share zufa. "Haka ake yi a can, kowa da kowa. In na fito aikin jama'a Speck ya danna mini, in ya fita in danna masa. Ba don haka ba, wa zai zo jana'iza? Wa zai bi wa tsofaffin sojoji haƙƙinsu? Kuskure aka samu."

"To, kuskure. Ka ce masa ya danna maka kore?"

Ya kalli kofin hannunsa.

"Da kai nake, yaro. Ni na koya maka kada ka yi ƙarya, ba sai na sake ba. Ka ce masa kore?"

"Ban ce masa komai ba."

"Shi kuma in ba a ce masa komai ba, yatsan ubangidanku yake bi. Ka sani sarai." Ta ja tsaki. "Wato kai ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba, ka zo gidana ka ɓuya a bayan guduma."

"Gobe zan sa a rubuta a kundin majalisa cewa niyyata kore ce. Ana yin haka."

"Zai canza lissafin?"

"A'a, amma tarihi zai nuna matsayina."

"Tarihin ne zai tuƙa Orval zuwa bayan dutse? Kai dai ka iya! Mai son ƙudiri ka nuna masa niyya, mai ƙinsa ka nuna masa ja. Babu ta yadda za a sake ƙuri'ar nan?"

Da ya ce babu, da ta yarda, don ba ta san dokokinsu ba. Amma Dewitt ba ya iya yi mata ƙarya ido da ido, wannan kam a ba shi. Ya ce akwai hanya guda: wanda ya yi zaɓe tare da ɓangaren da ya ci, yana iya miƙewa a zama na gaba ya nemi a sake. Daga ranar kuwa an rufe ƙofa.

"Ashe ma sandar ta yi mana rana," in ji ta. "Kana cikin waɗanda suka ci. Sai ka miƙe."

"Mama, ba ki san mutanen nan ba. In na miƙe, kafin azahar sun cire ni daga kwamitin hanyoyi. Gadar da bas ɗin 'yan makaranta ke bi, kin san ta ruɓe, kuɗinta a hannunsu yake. Ba ku kaɗai nake wakilta ba."

"Da ka faɗa mini haka a ƙofar coci, da na zage ka na kuma girmama ka."

"Earline, ƙyale yaron nan haka," Orval ya sa baki a hankali. "Da hannunsa ya buga ƙusoshin nan, ina kallo. Har yatsa ya fasa."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. An yanka mutum, yana yi wa mahauci sannu da aiki.

Dewitt ya ajiye kofin. "Gobe zan je, Mama. Zan ga abin da zan iya."

Washegari ta tuƙa mota ita kaɗai, ta sake hawa benen nan. Ya zo kuwa, tsaf cikin kwat, yatsa ɗaure da bandeji. Kakakin majalisa ya tambaya ko akwai mai neman a sake duba wani hukuncin jiya. Earline ta riƙe ƙarfen benen da ke gabanta ta leƙa ƙasa. Dewitt ya ɗaga kai sau ɗaya, idonsu ya haɗu, sai ya sunkuya yana gyara takardun da babu abin da ya same su. Kakaki ya buga guduma, aka wuce.

Ba ta tashi nan take ba. Tana zaune aka kira ƙudiri na gaba, wai a zaɓi kifin da zai zama tambarin jiha. Ranar Speck ne bai zo ba. Da idonta ta ga Dewitt ya danna nasa, ya sunkuya ya jawo sandar nan, ya danna wa abokinsa kore.

Kafin ganye ya gama zuba aka rufe sashen. Motar ɗaukar kaya ta zo ta kwashe injinan, ma'aikatan jinyar suka watse neman aiki. Earline ta fara bin hanyar bayan dutse, da bokiti a gaban Orval da bargo a cinyarsa. Su tafi yana nishi, su dawo kamar tsumma.

Gangarar kuwa, sai dai a faɗi gaskiya, aiki ne na ƙwarai. Ba ta girgiza, ba ta santsi ko an yi ruwa, keken yana sauka sumul har bakin mota. Kullum ta tura shi a kanta sai ta ji sauƙin da ta samu, sauƙin nan kuma shi ke ba ta haushi. Hoton ranar ginin ya fito a takardar kamfe, Dewitt da guduma, Orval na dariya, an rubuta a ƙasa cewa Crumley ba ya mantawa da nasa. Maƙwabta suka riƙa tsayawa suna yabawa. Ta gaya wa duk wanda ya tsaya labarin sandar. Wasu suka riƙe baki, wasu suka ce ai siyasa ce, wata ma cewa ta yi, "Amma dai ya zo binne mahaifiyata."

Da sanyi ya kankama, hanya ta fara daskarewa da ƙanƙara, wata safiya ta kawo keken bakin gado, Orval ya girgiza kai.

"Na gaji, tsohuwa. Ke ma kin gaji, jiya saura kaɗan ki kai mu rami. Bar ni a gidana."

Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kira fasto, ta kira likita. Ya saurari kowa da murmushinsa, bai sake hawa motar ba. Bai cika mako biyu ba ya rasu, a ɗakinsa, tana riƙe da ƙafarsa da ta kumbura.

Jana'izar ta faɗo ranar da majalisa ke zama. Earline ta san zai zo, ai bai taɓa fashi ba. Da safe kafin ta sa baƙaƙen kaya, ta ɗauki gudumar Orval ta fita, ta ɓalle sanda ɗaya daga mariƙin gangarar. Sai da ta sha wuya, don an kafa ta da kyau.

Da aka gama addu'a a coci, maza suka taso ɗaukar akwati. Dewitt ya nufi kusurwar gaba ta dama, wurinsa na kullum, idonsa jawur, don da gaske ya yi kuka. Ta sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, yau ba zama kuke yi ba?"

"Mama Earline, don Allah, ba a nan ba."

"Wa ke danna maka?"

Har mai kiɗan coci ta ɗauke hannu. Ta miƙa masa sandar, ya karɓa don bai san abin da zai yi ba.

"Ranar da yake bukatar hannunka, sanda ka aika. Yau ma ba sai ka wahalar da kanka ba. Koma ka zauna, ka miƙo ta daga can."

Ta juya ta kama mariƙin akwatin da hannu biyu. Fasto ya matso zai karɓe ta, ta yi masa kallo ɗaya ya ja da baya. Suka fita da Orval, Dewitt na tsaye tsakanin kujeru da katako a hannu. Kusurwar ta yi mata nauyi ƙwarai, amma har bakin kabari ba ta ba kowa ba.